Yadda maganin ciwon daji yake aiki a cikin jiki

Jikin mutum kamar gidan ƙasa yake. Gida da tubali ake gina shi, jiki kuma da ƙananan ƙwayoyi. Ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Ƙwaya ɗaya takan rabu ta zama biyu, biyu su zama huɗu. Da haka yaro yake girma, da haka rauni yake warkewa. In aikin ya cika, sai su tsaya.

Wani lokaci ƙwaya ɗaya takan lalace, ta ƙi tsayawa. Sai ta yi ta rabuwa har a sami ƙari ko kumburi. Daga nan wasu ƙwayoyin su bi jini su tafi wani wuri. Wannan shi ne ciwon daji. Ba a ɗaukarsa daga mai shi, kuma ba sammu ba ne.

Maganin da ya fito daga fure

Likitoci suna da magungunan da ke shiga jini su bi waɗannan ƙwayoyi. A asibiti ana ce musu shimiyo. Ɗaya daga cikinsu sunansa binkiristin. Daga ganyen wani ɗan fure na tsibirin Madagaska ake samunsa. A da, mutanen wasu ƙasashe suna shan ganyen don ciwon sukari. Masana a Kanada da Amurka suka gwada shi, suka ga yana hana ƙwayoyi rabuwa. A shekarar 1963 aka yarda a riƙa ba marasa lafiya binkiristin a Amurka. Yau ana ba yara masu dajin jini, da dajin ƙoda, da dajin ido, da wanda ke kumbura muƙamuƙi.

Yaya yake aiki?

Masu lambu a Tabelot da Timiya sun san aikin igiya. Raƙumi ko sa yana ja, guga yana fitowa da ruwa. In igiya ta tsinke, ban ruwa ya tsaya.

A cikin ƙwaya ma akwai wasu zarurruka. In za ta rabu, su ne ke jan kayan cikinta, rabi nan, rabi can. Binkiristin yana hana zarurrukan haɗuwa. Ƙwayar ta fara rabuwa, ta kasa gamawa, sai ta mutu. Ƙwayoyin daji sun fi yawan rabuwa, don haka su maganin ya fi kashewa. Galibi akan haɗa shi da wasu magunguna, kowane da wurin da yake kamawa.

Me ya sa sau ɗaya bai isa ba?

Maganin yana kama ƙwayar da ke cikin rabuwa ne. Ranar da aka yi allura, wasu suna kwance, bai same su ba. Bayan kwanaki sai su tashi. Manomi ya san wannan. Noman farko yana kashe hakin da ya fito, amma akwai iri a ƙasa. Wanda bai yi maimai ba, haki zai cinye masa gona.

Shi ya sa ake ba da maganin zagaye-zagaye, har watanni. Tsakanin zagaye da zagaye akan bar jiki ya huta. Sau da yawa kumburin yakan sace tun a farko, iyaye su ce yaro ya warke, su koma gida. Nan ne haɗarin yake. Ƙwayoyin da suka rage za su yaɗu, kuma in ciwon ya dawo ya fi wuyar magani.

Wahalar maganin

Ƙwayoyin gashi, da na baki, da na jini su ma suna yawan rabuwa, don haka shimiyo yana taɓa su. Gashi yakan zube, baki ya yi miki, jiki ya yi rauni. Binkiristin kuma yakan kawo taurin ciki da mutuwar yatsu. In an gama magani gashi yana fitowa. Amma in zazzaɓi ya kama mai shan shimiyo, a kai shi asibiti a ranar, domin jininsa ba shi da ƙarfin kare shi.

Ta jijiyar jini kaɗai ake ba da binkiristin, a hannun ma'aikacin da ya koyi aikin. Dafa ganyen furen a sha ba magani ba ne, guba ne. Sai an tace ɗaruruwan kilo na ganye kafin a sami giram ɗaya.

Abin da ya kamata a yi

Ƙari a nono, kumburin ciki ko na muƙamuƙi ga yaro, farin ɗigo a tsakiyar idonsa, gyambon da ya ƙi warkewa: duk a nuna wa gidan likita mafi kusa. Daga nan akan tura mutum babban asibitin Agadas. Cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa tana Yamai, tafiyar fiye da kilomita 900 ta hanyar Tawa. Hanya da nisa, guzuri da tsada. Saboda haka dangi su zauna tun farko, su tambayi likita zagaye nawa ne, su haɗa kuɗin mota da na abinci har zuwa na ƙarshe. Da rashin tayi akan bar arha, wanda ya zo da wuri ya fi samun sauƙi.

Tambayoyi

1. Me ya raba ƙwayar daji da ƙwaya mai lafiya?
2. Me binkiristin yake yi wa zarurrukan ƙwaya?
3. Don me ba a barin magani ko da kumburi ya sace?