Daga Fulawa Zuwa Taɓarya: Asalin Sunayen Sassan Fure

Ɗalibin da ke sakandare a Jibiya yana haddace kalmar flower, takwaransa na Ɗan Isa, a ƙetaren iyaka kan hanyar Maraɗi, yana haddace fleur. Kalmomin biyu uwarsu ɗaya, wato flos ta harshen Latin. Ingilishi ya aro tasa ne daga tsohon Faransanci, bayan da Normandawa suka ci Ingila da yaƙi a 1066. Kafin nan blossom Turawan Ingila ke cewa. Ita kuwa bloom daga mutanen arewacin Turai ta shigo.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne flour, garin alkama, ita ma wannan kalma ce. Ana nufin "furen" alkama, wato mafi laushin abin da aka niƙa. Har a ƙamus ɗin Samuel Johnson na 1755 rubutunsu ɗaya ne. Ashe Bahaushe bai yi kuskure ba da ya kira garin burodi fulawa, ya kuma kira furen ado fulawa.

Sunayen sassan fure su ne suka fi wahalar da ɗalibai a jarrabawa, domin akan ba su su haddace ba tare da an fasa musu ma'ana ba. Alhali kuwa wasunsu daga kayan aikin gida aka ɗauko su. Pistil, sashen mace, daga pistillum take, ma'ana taɓarya, saboda kumburin gindinsa da siririn wuyansa. Stamen, sashen namiji, a Latin zaren tsaye ne da masaƙi ke miƙewa kafin ya fara saƙa. A kansa akwai anther, daga anthos, fure da Girkanci. Ƙurar da ke fita daga ciki, wadda iska ko zuma ke kai wa sashen mace kafin gero ya yi ƙwaya ko kabewa ta yi ɗa, sunanta pollen, wato lallausan gari. Ga shi an sake komawa ga niƙa.

Malami zai iya tsinko furen kuɓewa ko na rama daga lambunan madatsar ruwa ta Jibiya, ya tsaga shi da reza a gaban aji, ya ɗaye bututun zaruruwan da ke tsakiya, ya bar ɗalibai su nemo taɓaryar da ke ɓoye a ciki.