Hoton Ƙashi Mai Tona Asirin Ƙwaro

Wanda ya taɓa karaya ya je asibiti ya san hoton ƙashi. Wani masani a Jamus, mai suna Rontgen, shi ya gano hasken da a ke ɗaukarsa da shi cikin 1895. Hasken nan ya kan ratsa nama ya wuce, amma abu mai tauri ya kan tare shi. Shi ya sa ƙashi ke fitowa fari a hoton.

To, ba likitoci kaɗai ke aiki da shi ba. Masu binciken kayan tarihi sun ɗauki gawar Fir'auna Tutankhamun na Masar da shi cikin 1968, suka ga ƙasusuwansa. Masanan aikin gona kuwa hatsi su ke dubawa da shi. Cikin 1950 waɗansu masana a Kansas ta Amurka suka nuna ana iya ganin ƙwaro cikin ƙwayar alkama ba a fasa ta ba. Ƙwaya mai ƙoshi ta kan fito fari sol, wadda tsutsa ta ci kuwa sai a ga ramin ya yi duhu.

Wannan ya tabbatar da abin da ke cutar manoma da 'yan kasuwa kowace shekara. Ƙwaron wake ya kan yi ƙwai tun wake yana gona. Tsutsa ta huda ƙwaya ta shige, ta yi ta ci, ba ta fitowa sai bayan kamar wata guda. Watau buhun da ya yi kyau ran kasuwa yana iya zama gari kafin bazara.

Manomi ba shi da injin hoto, amma yana da dabara. Ya ɗebi wake cikin tafin hannu daga tsakiyar buhu, ya zuba a kwalba, ya ɗaure bakin da ƙyalle, ya ajiye wata guda. In ƙwari suka fito, lalle suna cikin buhun. In iri ne, ya ƙirga ƙwaya 100, ya shuka cikin yashi mai laima, bayan kwana 7 ya ƙirga waɗanda suka tsira.

Wake kuwa a shanya shi ya bushe ƙarau, sa'an nan a rufe shi cikin duro ko buhu mai leda wanda iska ba ta shiga. In iska ta ƙare, ƙwaro ya kan mutu tun yana cikin ƙwaya.