Wane Ne Sarkin Jan-Baki?

Duk wanda ya taɓa tsaron gero ko dawa a Roni ko Gwiwa dab da kaka ya san tsuntsayen nan jan-baki. Sukan taso dubu-dubu kamar hayaƙi, su yi ta kewayawa a sama, sa'an nan su faɗa wa gona gaba ɗaya. Kafin manomi ya kaɗa gwangwani, sun yi masa ɓarna. To, wa yake ba su umurni? Masana fiziks sun ce ba kowa.

Da fari, mu bambanta su da guguwa. Ƙurar guguwa iska ce take juya ta, amma tsuntsu da ƙarfin kansa yake tafiya. A 1987 Craig Reynolds na Amurka ya nuna a kwamfuta cewa dokoki uku sun isa su haɗa garke. Kada ka yi karo da maƙwabcinka. Ka fuskanci inda ya fuskanta. Kada ka yi nisa da shi. A 1995 Tamás Vicsek na ƙasar Hungary ya nuna cewa idan suka yi yawa wuri ɗaya, kuma kuskurensu ya ragu, sai su miƙe hanya guda ba tare da shugaba ba. A 2008 kuma, Giorgio Parisi da abokansa suka ɗauki hotunan wasu tsuntsaye a birnin Roma, suka tarar kowanne yana lura da maƙwabta shida ko bakwai ne kawai.

Kewayawar fa? A 2002 Iain Couzin ya gwada wannan a kwamfuta. Idan ba mai bin fuskar wani, sai garken ya yi ta yamutsi kamar sauro. Idan kowa yana bin har na nesa da shi, sai su miƙe. Amma idan na kusa-kusa kaɗai yake bi, alhali taron yana jawo shi ciki kuma ba ya iya tsayawa, sai na gaba ya iske na baya. Watau da'ira ta haɗu ke nan.

Wannan yana da haɗari. A 1921 William Beebe ya ba da labarin wani irin kwarkwasa da ya gani a Guyana, cikin Amurka ta Kudu. Ba su gani, ƙanshin sawun 'yan'uwansu suke bi. Suka ɓace hanya, suka shiga da'ira mai kewayen ƙafa 1,200, kowane zagaye awa biyu da rabi. Haka suka yi ta yi har yawancinsu suka mutu.

Ɗalibai, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, gaskiya ne, manomi shaida ne. Amma in kun ga taro ya miƙa, ku tambaya tukuna: na gaban nan, wa yake bi?