Kowane Itace Da Mazauninsa: Jagora Ga Manoman Ƙasar Zugu

Jama'ar Anka da Gummi da Bukkuyum, ƙasarmu ba hamada ba ce, amma kowa ya san daga ɗaukewar ruwa a watan Oktoba har zuwa Mayu ko Yuni sama ba ta ba mu komai. Itacen da zai rayu a nan sai wanda zai jure wata bakwai na rani, da hunturu, da bakin akuya. Kowace damina ana raba dashe, ana dasawa, amma kafin bazara ta ƙare akasarinsu sun bushe. Sau da yawa laifin na zaɓe ne: an kai itace inda ba mazauninsa ba, ko an haɗa shi da maƙwabcin da zai cuce shi.

A fara duba ƙasa

Kafin ka nemi dashe, tsaya ka dubi wurin. Jigawa mai rairayi ta fi karɓar gawo da kalgo da sabara. Fako mai tsakuwa, inda ruwa ke gudu bai shiga ba, na aduwa ne da magarya da dakwara mai ba da ƙaro. Bagaruwa ta fi son laka da kwari. Mangwaro da gwaba da lemo da ɗinya da giginya kuwa, a bar su ga fadama, irin ta bakin Gulbin Zamfara, inda ruwa ke kusa. Wanda ya dasa mangwaro a fako ya ɗaukar wa kansa jan guga na shekaru. In kana shakka, dubi abin da ya fito da kansa a gonakin maƙwabta, shi ne ƙasar ta yarda da shi.

Haɗin cikin gona

A cikin gonar gero da dawa babu kamar gawo. Da damina ta kama sai ya zubar da ganyensa, hatsi ya sami rana, ganyen ya zama taki. Da rani kuma sai ya yi kore, dabbobi su sha inuwa, su ci 'ya'yansa, su bar kashi a gindinsa. Saiwarsa tana nitsewa can ƙasa, ba ta jayayya da shuka a kan damshi. Shi ya sa zangarniyar gindin gawo ta fi ta fili. A bar kamar mita 10 tsakanin gawo da gawo, in sun girma a rage.

Ɗorawa da kaɗanya da tsamiya suna da amfani ƙwarai, don daga gare su ake samun kalwa da man kaɗe da kayan kunu, amma inuwarsu tana danne gero. A ba su iyakar gona, ko a warwatsa su nesa da juna. A ƙarƙashin ɗorawa gara a sa barkono ko gwaza, masu jure inuwa.

Shinge da kariyar iska

Lambu yana bukatar sahu biyu a gefensa. Na waje shi ne shingen magarya ko bagaruwa ko aguwa, a dasa su kusa-kusa don kada dabba ta sami kafa. Na ciki shi ne dogayen itatuwa masu tare iska, a gabas da arewa, tun da ta nan hunturu da guguwar farkon damina ke zuwa. Dogon yaro ya dace da wannan aiki. Daga ƙasar Indiya asalinsa yake, an kawo shi Borno a 1928, ga shi yau ya cika garuruwanmu. A kwarin Majiya ta jihar Tawa a Nijar, tun daga 1975 aka jera shi sahu bibbiyu, iska ta daina binne shuka, amfanin gero ya ƙaru.

Amma a kula: saiwar dogon yaro tana yaɗuwa kusa da doron ƙasa, tana shan ruwan maƙwabta. Itacen turare ya fi shi ƙishirwa. Kada a kai su bakin rijiya ko tsakiyar fangalin albasa.

Cikin gida

Zogale da gwanda da lalle sun isa tsakar gida. A sa su inda ruwan alwala da na wanke-wanke ke malala, ba sai an ɗebo musu na dabam ba. Kuka ma ana shuka ta a fangali kamar alayyafo, ana tsinkar ganyenta tun tana ƙarama, kamar yadda ake yi a Mali da Nijar. Durumi da ceɗiya a bar su ga dandali, domin saiwarsu tana tsaga katanga. Gargaɗi kuma ga garuruwan da gubar dalma ta shafa a 2010, irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma: kada a yi lambun abinci a wurin da aka niƙa ko aka wanke dutsen zinariya.

Mai magarya a gona yana iya yi mata aure da irin Indiya mai manyan 'ya'ya, kamar yadda ake yi wa mangwaro. Cibiyar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ta yaɗa wannan dabara a Nijar.

Yadda ake dasawa

A dasa bayan ruwa ya zauna, daga ƙarshen Yuni zuwa Yuli. Rami ya kai kamu guda a zurfi da faɗi, a cuɗa ƙasarsa da ruɓaɓɓen taki. A fako a yi wa ramin kunya mai siffar rabin wata don ta tare ruwa. A kewaye dashen da ƙaya tun ranar farko. Da rani a binne tulu a gefensa, a cika shi, a rufe bakinsa, ruwa zai riƙa tsatsowa a hankali. Rani biyu na farko su ne masu wuya.

Kututturen da ke gonarka

Itace mafi sauƙin raino shi ne wanda ya riga ya yi saiwa. Tun daga 1983 manoman Maraɗi suka kama abin da suke kira sassaben zamani, tare da wani malamin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo. In an zo sharar gona ba a tumɓuke tohon kututture, sai a zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a sare sauran. Ta haka aka farfaɗo da itatuwa wajen miliyan 200 a kudancin Nijar.

Jihar Zamfara tana cikin jihohi 11 na Nijeriya da shirin Babbar Koriyar Ganuwa na Tarayyar Afirka ya shafa, amma hukuma ba za ta shayar da dashen kowa ba. Saboda haka bana kowane magidanci ya bar toho goma a gonarsa, ya dasa itace biyar da ya san zai iya shayarwa. Masu unguwanni da dagatai kuma su zauna da manoma da makiyaya a tsayar da dokar sara da ta kiwo, domin wanda bai tabbata itacen zai zama nasa ba, ba zai wahala a kansa ba. Allah Ya ba mu damina mai albarka, amin.