Ciwon Sukarin Yara: Yadda Yake Somawa A Ɓoye

Ya ku iyaye da 'yan kasuwar New Bell da Bonaberi, ciwon sukarin da ke kama ƙananan yara da matasa daban yake da wanda muka saba gani ga dattawa. Ba shan alewa ke kawo shi ba, ba kuma sammu ko kambun baka ba.

A bayan tumbin ɗan Adam akwai wata gaɓa da likitoci ke kira fankiriyas. A cikinta ne ake samar da insulin, sinadarin da ke shigar da sukari daga jini zuwa tsoka domin jiki ya sami ƙarfi. Garkuwar jiki, wadda aikinta yaƙi da cuta, takan yi kuskure ta auka wa ƙwayoyin da ke yin insulin, tana cinye su sannu a hankali. Watanni ko shekaru kan wuce yaro yana wasa, yana zuwa makaranta, babu wanda ya san abin da ke gudana.

Masana sun gano haka ne ta hanyar bibiyar yara tun daga haihuwa. A binciken TEDDY, wanda aka fara a 2004 a Amurka da Jamus da Suwidin da Finlan, an bi yara fiye da 8,000 masu gadon haɗarin ciwon, ana ɗibar jininsu lokaci-lokaci. An ga alamun wannan hari na garkuwa sukan fara bayyana a jini tun yaro yana shekara ɗaya zuwa biyu. Wani nazari na 2013 ya nuna cewa cikin yara goma masu alamu biyu ko fiye, kusan bakwai sukan kamu cikin shekara goma. Gado yana da hannu, ana kuma zargin wasu ƙwayoyin cuta, amma mafi yawan yaran da suka kamu babu mai irin ciwon a gidansu. Don haka kada uwa ta ce, "Mu ba mu gaji wannan ba."

To, yaranmu fa? A 2025 aka fitar da sakamakon binciken YODA, wanda masanan Jami'ar Yawunde ta Ɗaya suka yi tare da takwarorinsu, a kan yara da matasa kusan 900 masu ciwon a Kamaru da Yuganda da Afirka ta Kudu. Kusan biyu cikin uku ba su da waɗancan alamu a jininsu, alhali insulin ya ƙaranta a jikinsu. Ma'ana, akwai wata hanya ta daban da ciwon ke bi a wurinmu, kuma ana ci gaba da nemanta. A ganina wannan bincike ya cancanci yabo, domin an daɗe ana auna yaranmu da ma'aunin wasu. Sai dai bai sauya magani ba: ko ta wace hanya ciwon ya zo, yaron da jikinsa ya rasa insulin allurar insulin yake bukata.

Abin da ido zai iya gani yakan zo ne a ƙarshe. Yaro ya riƙa shan ruwa ba ƙoshi, yana yawan fitsari, wanda ya daina fitsarin kwance ya koma yi, yana ci amma yana ramewa, wani lokaci kiyashi ya taru inda ya yi fitsari. Idan aka yi jinkiri sai amai da ciwon ciki da numfashi mai nauyi su biyo baya, har ya kai ga suma. A nan ne ake yawan ruɗewa, a sayo maganin zazzaɓin cizon sauro ko na taifot a ba shi, kwanaki suna tafiya.

Gwajin kuwa ɗigon jini ne daga yatsa, minti ɗaya ya isa. Wanda ke tsallaken gadar Wouri ya nufi asibitin Bonassama, na cikin gari ya je asibitin gundumar New Bell ko Laquintinie, a ranar da aka ga alamun, ba sai an tashi daga kasuwa gobe ba. A faɗa wa ma'aikacin lafiya kai tsaye: "A auna masa sukari." Idan an tabbatar, ku tambayi shirin CDiC, wanda tun 2010 yake bai wa yaran da aka yi wa rajista a Kamaru insulin kyauta.

Kada a dakatar da allura don yaro ya ji sauƙi, ko don za a tafi da shi Garwa ko Kano ganin dangi. A yi guzurin insulin da zai kai har dawowa, a kare shi daga rana da zafin mota, kada kuma a bari ya daskare a firiji.