Darasin Kimiyya: Me Ya Sa Ganuwar Ƙasa Take Shanye Harsashin Igwa?

Ɗalibai, darasinmu na yau a kan makamashin motsi ne, da yadda abu mai gudu yake tsayawa. Kayan aikinmu kuwa a gida suke: jar ƙasar nan da aka gina gidajenmu da ita, daga Dambatta zuwa Bichi har Dawakin Tofa. Da yawanku kuna ɗaukar ginin ƙasa alamar rashi. Ina so kafin a tashi ku san cewa akwai aikin da ƙasa take yi wanda dutse ba ya iyawa.

Mu fara da ƙa'ida. Duk abin da yake tafiya yana ɗauke da makamashi, ma'auninsa kuma shi ne jul. Ga yadda ake lissafinsa: a ninka gudun abin sau kansa, a ninka da nauyinsa, sannan a raba biyu. Ku lura, gudu ya shiga lissafin sau biyu, saboda haka in gudu ya ninka biyu, makamashi ya ninka huɗu. Makamashin nan ba ya ɓacewa. In abu ya tsaya, sai makamashin ya koma zafi, ko ƙara, ko ɓarna. Ƙa'ida ta biyu ita ce zuciyar darasin: in kana son sanin ƙarfin da abu ya bugi bango da shi, ka raba makamashinsa da nisan da ya nutsa kafin ya tsaya; ma'aunin ƙarfin kuma shi ne niyutan.

Ku ɗauki biro mu gwada da misali. A ce curin ƙarfe mai kilo 10 ya fito daga bakin igwa yana cin mita 300 a daƙiƙa. 300 sau 300, 90,000. Sau 10, 900,000. Rabinsa, jul 450,000. To, a ce ya sami katangar dutse ya tsaya cikin santimita 10, wato kashi ɗaya cikin goma na mita. Ƙarfin bugun ya kai niyutan 4,500,000, a wuri ɗaya, lokaci ɗaya. Dutse ba ya lanƙwasa, sai ya tsage, ɓaraguzansa su yi ta fallatsa suna raunata masu tsaro. Yanzu a ce tudun ƙasa ya samu, ya nutsa mita 3. Ƙarfin ya sauko niyutan 150,000, ya ragu sau 30. Ina makamashin ya tafi? Ƙwayoyin ƙasa ne suka gogi juna, suka matsu, suka mai da shi zafi kaɗan-kaɗan. Curin ya kwanta a ciki, ganuwa tana tsaye.

Wannan ilmin an saye shi da jini. A shekarar 1568 mutanen Holan suka yi wa Sarki Filib na Biyu na Sifaniya tawaye, yaƙin da bai ƙare ba sai 1648. Ƙasarsu kwari ce, dutse ya yi ƙaranci, ga ƙasa da ruwa a wadace, kuɗi da lokaci kuma babu. Sai suka riƙa kewaye garuruwansu da tudun ƙasa, gajere mai kauri, da gwalalo mai faɗi cike da ruwa. Da birnin Antwerp ya faɗa hannun Sifaniya a 1585, Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Ɗaya ta sa hannu a yarjejeniyar Nonsuch, ta tura dubban sojoji ƙarƙashin Robert Dudley su taimaki 'yan tawayen. A garin Ostend, inda Baturen Ingila Francis Vere ya fara jagorantar tsaro, sojojin Sifaniya sun kewaye 'yan tawayen daga 1601 har 1604. Igwa tana ɓarna da rana, masu shebur suna cikewa da dare. Garin ya miƙa wuya daga ƙarshe, amma sai bayan shekara uku.

Shekara ɗari uku bayan haka, sojojin Ingila ne a waje, ganuwar ƙasa a gabansu, a nan Kano. Badalar da Sarki Gijimasu ya fara, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa, shugaban Turawan mulkin mallaka Lugard ya ba da rahoton kaurinta a gindi ya kai ƙafa 40, kimanin mita 12, tsayinta kuma ƙafa 30 zuwa 50. Ranar 3 ga Fabrairun 1903 Kanar Morland ya iso daga Zariya ta Bebeji da igwoyi huɗu, Sarki Alu Babba kuma ba ya gari, ya tafi Sakkwato. Harsasan wannan zamanin masu fashewa ne, ba curin ƙarfe kawai ba, duk da haka ba su yi wa jikin ganuwar wani abin kirki ba, domin ƙasa mai kauri tana danne fashewa kamar yadda take shanye bugu. Sai da aka juya bakin igwa kan ƙofa, inda babu wannan kaurin, sannan aka samu shiga ta wajen Kabuga. Ku riƙe wannan: maginan Kano ba su karanta lissafin jul ba, amma aikinsu ya ci jarrabawar.

Yanzu mu fita bayan aji. Ga tarin rairayi, ga bulon siminti, ga kaskon tukunya guda biyu. Mutum ɗaya ya saki kasko daga daidai kafaɗarsa a kan bulo, ya saki ɗayan daga wannan tsayin a kan rairayi. Kowa ya ja baya saboda idanu. Na farko zai tarwatse. Na biyun ku tsuguna ku duba ɗan gurbin da ya yi, ku auna zurfinsa da rula. Wannan ɗan zurfin shi ne nisan tsayawa, shi ya ceci kaskon.

To me yake kayar da ginin ƙasa? Ruwa. Ɗan danshi yana taimaka wa ƙwayoyin laka su kama juna, amma in ruwa ya cika duk ƙofofin da ke tsakaninsu, sai ya raba su, ƙarfin riƙon ya tafi. Shi ya sa katangu suke zubewa a watan Agusta, kuma sau da yawa daga gindi, inda ruwa yake kwanciya. Mutanen Holan ciyawa suka riƙa shimfiɗa wa tudunsu don saiwoyi su riƙe shi. Namu maginan suna kwaɓa ƙasa da ramno don kada tubali ya tsage, suna yaɓe da makuba daga kwasfar ɗorawa, suna sa indararo ya jefa ruwa nesa da bango. Abin da yake damuna shi ne badalar da igwa ta kasa rushewa, yau ruwan sama da masu ɗibar ƙasa da masu gini a kanta sun cinye mafi yawanta.

Aikin gida: kowa ya auna kaurin katangar ƙasa ɗaya a gidansu, a gindi da kuma daidai ƙirjinsa, ya rubuta bambancin da dalilinsa. Ku sake lissafin curin nan da gudun mita 150 a daƙiƙa. In kuma kun ga inda ruwa ya fara cin gindin bango, ku nuna wa maigida tun kafin damina ta faɗi.