Highlander ko Pilot? Abin da nake gaya wa magidanta kafin su biya kuɗi

Tambayar da magidanta masu neman jif suka fi kawo mini gareji a nan Maisandari, Maiduguri, ita ce: "Malam, Highlander zan saya ko Pilot?" Galibi mai tambayar ya riga ya sha karatu a waya. Ya san Toyota Highlander 'yar 2008 zuwa 2013 mai silinda shida injinta lita 3.5 ne, ƙarfin doki 270. Ya san Honda Pilot 'yar 2009 zuwa 2015 ita ma lita 3.5 ce, ƙarfin doki 250. Dukansu giya biyar ce mai canza kanta, tsayinsu daga ƙasa kuma kusan ɗaya, wajen santimita 20. Duk gaskiya ne. Amma waɗannan lambobi na ranar da mota ta fito daga kamfani ne, wadda za a kawo maka kuwa ta haura shekara goma tana wahala a hannun mutanen da ba ka sani ba. Dokin nan ashirin da ke tsakaninsu bai taɓa kawo mota wurina ba. Abubuwan da ke kawo ta daban ne.

Bari in fara ba Pilot haƙƙinta. Mutum takwas take ɗauka, Highlander bakwai, kuma kujerar bayan Highlander ta yara ce. Babba ya zauna a nan daga Maiduguri zuwa Potiskum, sai an taimaka masa ya sauko. Idan aka ɗaga kujerun baya duka, Pilot tana barin wurin kaya mai dama, Highlander kuwa da ƙyar take karɓar buhun shinkafa da jaka. Mai mata biyu da 'ya'ya biyar idan zuciyarsa ta karkata ga Pilot, ba na ganin laifinsa.

Matsalarta ta farko bel ce. Injin Pilot bel ɗin roba ne ke haɗa tafiyar fistin da bawul, na Highlander kuwa sarƙar ƙarfe ce wadda ba a sa mata ranar canji ba. A ƙasashen da zafi bai tsananta ba, ana canza bel ɗin wajen mil 105,000 ko shekara bakwai. Amma Honda da kanta ta rubuta a littafin motar cewa wanda ke tuƙi a kai a kai cikin zafin da ya wuce digiri 43 ya canza a mil 60,000, wato kusan kilomita 100,000. Duk wanda ya yi watan Afrilu a garin nan ya san da mu ake. Kuma injin nan idan bel ya tsinke ana tafiya, fistin na dukan bawul ne, aikin ya tashi daga canza roba ya koma sauke kan inji. Ba kuɗin ne kaɗai ke damuna ba. Ɗan Maiduguri ya san abin da ake nufi da mota ta mutu da iyali a ciki tsakanin Auno da Beneshek, rana tana shirin faɗuwa. Saboda haka duk wanda ya sayi Pilot babu takardar da ta nuna ranar da aka canza bel, nakan ce masa ya ɗauka ba a taɓa canzawa ba. Ya saka kuɗin bel da famfon ruwa da abin da ke ɗaure bel ɗin cikin kuɗin motar tun a wurin ciniki.

Ta biyu ita ce dabarar rage shan mai da Honda ta kira VCM. Idan mota ta miƙa a hanya, kwamfuta takan kashe silinda biyu ko uku, sai ka ga ECO ta kunnu a gabanka. Tunanin mai kyau ne, musamman tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023. Sai dai a motoci da yawa silindar da ake kashewa takan fara barin baƙin mai ya hau sama, fulogi ya yi baƙi, inji ya riƙa karkarwa, robobin da ke riƙe da inji su mutu da wuri. A Amurka har kotu aka je, aka sasanta a 2013, kamfanin ya tsawaita garanti zuwa shekara takwas a kan wannan matsala ga motocin da suka haɗa da Pilot 'yan 2009 zuwa 2013. Garantin ya daɗe da ƙarewa, kuma dama bai tsallako teku ba. Shi ya sa idan na je duba Pilot, fulogan baya nake fara kwancewa. Su ba sa ƙarya.

Highlander ma ba waliyyiya ba ce. Na farko-farko, musamman 'yan 2008, suna da wani bututun baƙin mai da aka yi wa gaɓar roba. Idan ya fashe, man inji kan tsiyaye cikin ɗan lokaci direba bai ankara ba. Daga baya Toyota ta mayar da shi ƙarfe zalla. A leƙa a gani, in roba ce a canza kafin a yi tafiyar farko. Famfon ruwanta ma yakan yi yoyo. Abin da ya ɗaga ta a wurina shi ne danginta. Injinta, 2GR-FE, shi ne a cikin Sienna da Avalon da Camry mai silinda shida da Lexus RX 350. Sienna kuwa ta cika tashoshinmu tana jigilar Kano da Abuja, don haka kayan gyaranta suna nan a gari, kuma yaran gareji sun saba da ita. Kayan Pilot na kirki sau da yawa sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas, mota tana ajiye, yara suna hawa Keke Napep zuwa makaranta.

Akwai ɓarnar da mu masu gyara da masu mota muke yi da hannunmu, kuma ba ta bar kowace a cikinsu ba. A cire tamostat wai don garinmu da zafi, a haɗa fanka kai tsaye, a ɗura ruwan burtsatse a lagireto har tsatsa ta toshe shi. A zuba kowane jan mai a giya, alhali Toyota WS take so, Honda kuma DW-1, giyar Honda ba ta yafe wannan. Ƙurar hunturu ta toshe matatar iska, a kaɗe ta a mayar har sai ta yage. Motar da aka yi wa haka, sunan da ke goshinta ba zai cece ta ba.

Sai abin da ya fi tayar mini da hankali a yanzu. Tun da madatsar Alau ta ɓalle ranar 10 ga Satumban 2024, ruwa ya shanye Gwange da Fori da kewayen Kasuwar Monday, motoci da yawa sun kwana a cikin ruwa. Wasu an wanke su, an busar, an sa a kasuwa. Ba na zargin wanda asara ta sa ya sayar, amma amana ce ya faɗi gaskiya. Irin wannan mota takan tashi lafiya ranar ciniki, bayan wata uku wayoyi su fara cin kansu: yau gilashi ya ƙi sauka, gobe giya ta ƙi shiga. Ka ja bel ɗin kujera har ƙarshensa ka duba tabon ruwa. Ka ɗaga kafet ka shafa ƙasa, ka leƙa ƙarafan da kujera ke gudu a kai, ka buɗe akwatin fiyus ka nemi laka ko kore-kore a bakin waya. Motar da aka turara da turaren wuta har ƙamshi ya yi yawa, a rufe gilashi a kunna na'urar sanyi a saurari abin da hanci zai ce. 'Yan Kwatano ma haka: lambar jikin mota mai harafi da lamba 17, idan aka bincika ta, tana nuna ko an yi gwanjonta a Amurka saboda haɗari ko ambaliya, da mil nawa ta yi kafin a taɓa agogonta.

Idan aka ajiye mini su biyu masu lafiya ɗaya, Highlander zan ce ka ɗauka, ko da ta fi tsada. Idan iyalinka sun kai takwas, kuma kai mutum ne mai duba baƙin mai duk mako, mai canza bel kafin ya nemi a canza shi, Pilot za ta riƙe ka. Amma Pilot mai tarihi a fili ta fi Highlander da ta sha ruwan Alau nesa ba kusa ba. Ka je da makanikinka, ba na dillali ba, ku je da sassafe inji yana sanyi, a sa mata kwamfuta, a hau titin Damaturu da ita har ta yi zafi. Mai motar da ya ƙi yarda da wannan, ka yi masa godiya ka nemi wata.